Sikila, Kulorokwin da Geron Rumbu: Yadda Halittu Ke Sauyawa Daga Zuriya Zuwa Zuriya

A bencin jira na ɗakunan gwajin jini a Sakkwato, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a ƙananan wuraren gwaji na cikin unguwanni, abin da ake yawan gani iri ɗaya ne: saurayi riƙe da 'yar takarda mai haruffa biyu, AS, yana jiran a fito da ta yarinyar da zai aura. In tata ma ta fito AS, wato su biyun duka suna ɗauke da gadon sikila, sai magana ta koma gida, gaban manya. A nan ne baffa ko kawu kan jefo tambayar da ma'aikacin gwaji ba shi da lokacin amsawa: "To in dai cutar ga tana kashe ɗiya tun suna ƙanana, mi ya hana ta ƙarewa tun zamanin kakanni?"

Tun da Jihar Kano ta yi dokar wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure a 2024, har da na jinotayif, wannan tambaya ta ƙara yawo a Arewa. Tana kuma da 'yan uwa. Me ya sa kulorokwin da ya raini iyayenmu ya daina aiki? Me ya sa sauro ke sauka a kan gidan sauro mai magani ya tashi lafiya lau? An ce an gama da foliyo a Afirka tun 2020, to wace iri ce ake ta bin gida-gida ana ɗiga wa yara rigakafinta? Duk amsarsu na komawa ga lissafi guda, wanda masana ilimin halittu ke kira juyin halitta.

Me kalmar take nufi

Da yawa in sun ji "juyin halitta" sai hankalinsu ya tafi kan biri da mutum. Za a zo kan wannan. Amma ma'anar da masu bincike ke aiki da ita kullum ta fi wannan ƙanƙanta: sauyin yawan wani nau'in ƙwayar gado a cikin al'ummar halitta, daga zuriya zuwa zuriya. In bana kashi 5 cikin 100 na sauron fadamar Kwalkwalawa ne ke ɗauke da abin da ke sa su jure feshi, bayan shekara goma ya zama kashi 70, to juyin halitta ya auku, ko da yake sauro bai daina zama sauro ba.

Abin lura a nan, ba sauro ɗaya ne ya sauya ba. Kowane sauro ya mutu da gadon da aka haife shi da shi. Taron ne ya sauya.

Ƙwayoyin gado kuwa umarni ne da ke rubuce a cikin DNA, sinadarin da ke cikin ƙwayoyin jiki, da haruffa huɗu kacal, kuma na ɗan Adam ya kai haruffa biliyan 3. Kowa yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma kowane ɗa rabin na uwarsa yake samu da rabin na ubansa. Wani nau'in yakan ɓuya a bayan ɗan uwansa, ya yi zuriya da yawa bai bayyana ba. Wani limamin Kirista mai suna Gregor Mendel ne ya fitar da lissafin wannan a 1866, bayan ya shafe shekaru yana haɗa irin wake a lambu. Shi ɓuyan gado kansa ba baƙo ba ne ga ɗalibin hadisi. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo wa Annabi (SAW) yana shakkar ɗansa saboda launin fatarsa. Aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. Daga ina ya samo? Ya ce wataƙila wata jijiya ce ta fizgo shi. Aka ce masa to ɗanka ma wataƙila haka ne.

Abubuwa uku ne manya da ke motsa wannan lissafi: kuskuren kwafi, zaɓin yanayi da ƙuri'ar gado. Na huɗu shi ne shigowar baƙin iri daga wani wuri, kamar bijimin da aka sayo a kasuwar Illela aka saka a garke, amma wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Tuntuɓen alƙalami

Wanda ya taɓa duba tsofaffin rubuce-rubucen hannu, irin waɗanda ke ajiye a gidan tarihi na Waziri Junaidu, ya san cewa mai kwafi komai ƙwarewarsa wata rana zai tsallake ɗigo ko ya maimaita kalma. Duk wanda ya kwafa daga nasa zai gaji kuskuren. Da irin waɗannan kurakurai ne ma manazarta ke gane wane kwafi ne ya fito daga wane.

Haka DNA take. Duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu sai an kwafi rubutun gaba ɗaya, kuma duk da akwai masu bin baya suna gyara, ɗan abu yakan kuɓuce. Kowane jariri yana zuwa duniya da sababbin sauye-sauye wajen 60 zuwa 70 waɗanda babu su a jikin uwarsa ko ubansa. Mafi yawansu ba sa yin komai, domin sun faɗa wurin da bai shafi aikin jiki ba. Kaɗan suna cutarwa. 'Yan ƙalilan ne ke da amfani, shi ma amfanin ya danganta da wuri da zamani.

Sikila harafi ɗaya ce. A cikin umarnin ƙera himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini, inda ya kamata a rubuta GAG sai aka rubuta GTG. Wannan ya musanya tubali na shida a jerin furotin ɗin, kuma shi ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje in iska ta yi ƙaranci, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Vernon Ingram ne ya gano wannan bambanci na tubali ɗaya a shekarun 1956 da 1957. A 2018 kuma Daniel Shriner da Charles Rotimi, wanda ɗan Najeriya ne, suka fitar da binciken da ke nuna cewa kuskuren sau ɗaya ya faru, a jikin mutum ɗaya a Afirka, kimanin shekara 7,300 da suka wuce. Kafin nan ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne ya faru sau da dama a wurare daban-daban, kuma har yanzu ana tattauna ƙiyasin shekarun.

A nan ne aka fi yin kuskuren fahimta. Mutane kan ce ƙwayar cuta "ta koyi" magani, ko ta ga magani sai ta sauya kanta. Ba haka abin yake ba. A 1952 Joshua da Esther Lederberg suka shuka bakteriya a faranti, suka ɗauki ƙyallen karan-miski suka danna a kai, suka buga hoton shukar a kan wasu farantai masu ɗauke da abin da ke kashe ta. Waɗanda suka tsira a wuri guda suke fitowa a kowane faranti. Da aka koma farantin asali, wanda bai taɓa haɗuwa da makashin ba, sai aka tarar masu juriyar suna zaune a daidai wurin tun farko. Kuskuren kwafi ba ya duban buƙata. Yana faruwa ne kawai, sai daga baya a ga ko ya yi rana.

Tankaɗe da rairaya

Abu na biyu shi ne wanda Charles Darwin da Alfred Wallace suka gabatar a 1858, Darwin ya faɗaɗa shi a littafinsa na 1859. Sharuɗɗansa uku ne, kuma duk makiyayi ya san su: 'ya'ya ba sa zama iri ɗaya, bambancin ana gadonsa, kuma ba kowa ne ke rayuwa ya hayayyafa daidai da kowa ba. In waɗannan suka haɗu, siffar da ke taimakon mai ita ya bar zuriya za ta yi ta yawaita. Wanda ke zaɓen jar akuyar Sakkwato mai kyan fata ya bar ta ta haihu, ya kai mai dabbare-dabbare kasuwar Kara, tankaɗe yake yi da hannunsa. In fari ne ko cuta ko magani ke yin wannan aiki ba tare da niyyar kowa ba, shi ake kira zaɓin yanayi.

Yanzu a koma ga tambayar baffa. Mai SS, wato wanda ya gaji ƙwayar sikila S daga uwa da uba, kafin zuwan magungunan zamani da wuya ya kai shekarun aure, don haka duk mutuwarsa tana fitar da kwafin S biyu daga cikin al'umma. Da wannan ne kaɗai ke aiki, da S ta zama abin da ba a cika gani ba. Amma a 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa taswirar sikila da ta zazzaɓin cizon sauro kusan a kan juna suke kwance, kuma yara masu AS sun fi tsira. Binciken da ya biyo baya ya nuna AS na rage haɗarin zazzaɓi mai tsanani da kusan kashi 90 cikin 100. Ke nan rariya biyu ce ke aiki a lokaci guda. Sikila na ɗauke masu SS, zazzaɓi na ɗauke wasu daga cikin masu AA, masu AS na ratsawa ta tsakiya. Su kuma masu AS in suka auri juna, dole su ci gaba da haifo AA da SS. Shi ya sa ba ta ƙare ba, kuma ba ta mamaye kowa ba. Ta tsaya a inda asarar ɓangarorin biyu ta yi kunnen doki.

Lissafin ma yana fita. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya AS ne. In ana aure ba gwaji, aure 1 cikin 16 zai haɗa AS da AS, kuma kowane ciki a irin wannan gida yana da yiwuwar 1 cikin 4 ya zo SS. Ka ga jariri 1 cikin 64 ke nan, wanda bai yi nisa da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na kusan kashi 2 cikin 100 ba, wato jarirai wajen 150,000 a shekara. A Amurka, inda aka daɗe da kawar da zazzaɓin, kimanin baƙar fata 1 cikin 13 ne ke ɗauke da S. Wani ɓangare na raguwar auratayya ce da wasu jinsuna, wani kuma saboda rariyar zazzaɓi ta daina aiki.

Labarin kulorokwin ya fi sauri, domin ƙwayar maleriya tana ninka kanta a jini duk bayan awa 48, kuma majinyaci ɗaya kan ɗauki biliyoyinta. Juriyar maganin ta fara bayyana a ƙarshen shekarun 1950 a iyakar Tailan da Kambodiya da kuma Kolombiya. Ta shigo Gabashin Afirka a 1978, ta iso Yammacin Afirka a shekarun 1980. Ba a nan aka haife ta ba, daga Asiya ta yi ta tafiya a jinin matafiya da cikin sauro. Ko'ina ta sauka sai ta tarar ana shan kulorokwin kamar gyaɗa, maganin ya share mata abokan takara, ta gaje fili. A 2005 Najeriya ta koma ga magungunan haɗi da ake kira ACT.

Abin da ya faru a Malawi ya fi komai bayyana yadda rariyar take. A 1993 ƙasar ta janye kulorokwin. A 1992 kusan kashi 85 cikin 100 na ƙwayoyin da aka gwada a birnin Blantyre masu juriya ne, a 2000 sun koma kashi 13. Dalili shi ne juriyar tana da tsada: in babu magani, mai juriya ta fi 'yar uwarta rauni, sai marasa juriya da suka rage a lungu suka sake yaɗuwa. Siffa ɗaya, jiya riba yau asara.

Ba cuta kaɗai ba. A maƙwabciyarmu Nijar, masu bincike sun kwatanta irin geron da aka tara daga ƙauyuka a 1976 da wanda aka sake tarawa daga ƙauyukan a 2003, bayan fare-faren shekarun 1970 da 1980. Da aka shuka su gefe da gefe, na 2003 ya riga fitar da kai. Manoman ba su sauya sunayen irinsu ba, a wurinsu geron kakanninsu ne. Amma duk shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, zangarniyar da ta riga nuna ce ke shiga rumbu, daga cikinta ake ɗibar irin baɗi. Haka kuma yawancin manyan mutane a duniya ba sa iya narkar da sukarin ɗanyar madara, amma a cikin al'ummomin da suka daɗe da kiwo, har da Fulani, nau'in gadon da ke barin babba ya sha madara lafiya ya yawaita. Makiyayan Gabashin Afirka da na ƙasar Larabawa sun kai ga wannan ta wasu kurakuran kwafi daban da na Fulani.

Ƙuri'ar gado

Na uku shi ne wanda ba a cika jin labarinsa ba, kuma ya fi wuyar karɓa, domin ba shi da dalili irin wanda zuciya ke so. Wani lokaci nau'in gado yana yawaita ko ya ɓace ba don ya fi ko ya kasa ba, sai don yadda ɗiba ta faɗa.

Ɗauki buhun wake, rabi fari rabi ja, a cakuɗe. Ka ɗebi tiya guda, za ka samu kusan rabi da rabi. Ka tsinci ƙwaya 6 ido rufe, ba abin mamaki ba ne 5 su zo farare. In waɗannan shidan ne irinka, gonar baɗi ta rinjayi fari, kuma in aka maimaita shekara da shekaru, wata rana ja zai ɓace gaba ɗaya ba tare da ya yi laifin komai ba. Kowace haihuwa irin wannan ɗibar ce. Uba mai AS da uwa mai AA in suka haifi 'ya'ya biyu, akwai yiwuwar 1 cikin 4 babu wanda zai ɗauki S a cikinsu, ta tsaya daga kansa.

An gwada wannan a ɗakin bincike. A 1956 Peter Buri ya ware rukuni 107 na ƙananan ƙudaje, kowane rukuni ƙuda 16, duk sun fara da rabi da rabi na nau'i biyu na launin ido. Kowace zuriya sai ya tsinci 16 ba zaɓe su zama iyayen na gaba. Bayan zuriya 19, fiye da rabin rukunonin sun rasa ɗaya daga cikin nau'o'in biyu kwata-kwata, wasu wannan wasu wancan, kusan daidai wa daida.

Ƙa'idar ita ce, gwargwadon ƙanƙantar taro gwargwadon ƙarfin ƙuri'a. Shi ya sa annoba da yunwa ke barin tabo a gado. Cutar bushiya da ta shigo ta Eritiriya wajen 1887 ta iso ƙasashen nan cikin 'yan shekaru, ta kashe kusan kashi 90 cikin 100 na shanu a wurare da yawa. Garken da ya tsira don yana can cikin wani daji da cutar ba ta ratsa ba, ba fin sauran ya yi ba, dace ya yi. Amma daga irinsa aka sake tara dukiya, kuma duk abin da ke jikin waɗannan 'yan tsirarun shanu, mai kyau da marar kyau, shi ya bazu. A cikin mutane misalin da aka fi kawowa shi ne tsibirin Pingelap a tekun Fasifik, inda guguwa ta bar mutum wajen 20 a 1775. Ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da ɓoyayyen gadon rashin ganin launi gaba ɗaya. Yau abin da a duniya ke samun mutum 1 cikin kimanin 30,000, a tsibirin yana samun kusan 1 cikin 10 ko 12.

Ƙuri'a ba ta ƙyale har gado mai amfani. Sabon kuskure a jikin halitta ɗaya yake farawa, kuma mai shi zai iya mutuwa a ambaliya kafin ya haihu. J.B.S. Haldane ya lissafa a 1927 cewa sabon sauyi mai ƙara wa mai shi fifikon kashi 1 cikin 100 yana da damar kusan 2 cikin 100 ne kawai ya kafu. Sauran 98 ɓacewa suke. In binciken 2018 ya yi daidai, S ma sai da ta tsallake wannan siraɗi kafin zazzaɓi ya ɗauke ta ya yaɗa.

Inda ake saɓani

Tsakanin masanan kansu, gardamar ba a kan ko waɗannan abubuwa uku suna faruwa ba ce, a kan wanne ya fi nauyi ne. A shekarun 1930 Ronald Fisher na Ingila ya tsaya kan cewa al'ummomin halittu suna da yawan da zaɓin yanayi ne ke jan ragama. Sewall Wright na Amurka, wanda ya yi aiki a kan kiwon dabbobi, ya ce halittu a rarrabe suke ƙungiya-ƙungiya, don haka ƙuri'a na da babban rabo. A 1968 Motoo Kimura na Japan ya zo da hujjar cewa in aka duba haruffan DNA kansu, mafi yawan bambancin da ke tsakanin halittu ba ya ƙara komai ba ya rage komai, ƙuri'a ce kawai ta kafa shi. Matsayar da aka fi tafiya a kai yau ta raba musu: siffofin da suka dace da muhalli, kamar jure ƙishin raƙumi, aikin zaɓi ne, amma tarin bambance-bambancen da ke kwance cikin DNA akasarinsu na ƙuri'a ne. Adadin rabon kowanne har yanzu ana ja.

Saɓanin da ya fi shafar mai karatu a Sakkwato na addini ne, kuma yana da kyau a raba shi gida biyu. Sauyi a cikin jinsi ɗaya, irin na sauro da gero da ƙwayar maleriya, abu ne da ake aunawa a ɗakin gwaji, kuma ba a nan malamai ke da ja ba. Inda ake rabuwa shi ne faɗaɗa lissafin zuwa miliyoyin shekaru. Masana ilimin halittu, bisa hujjar ƙasusuwan da aka tono da kamannin DNA, suna kan cewa dukkan masu rai asalinsu ɗaya, kuma mutum da birin cimfanzi sun haɗa kaka shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce. Ba su ce mutum daga birin yau ya fito ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Jumhurun malaman Musulunci kuwa, bisa nassin Alƙur'ani da hadisi, suna kan cewa Annabi Adamu (AS) halitta ce ta musamman daga yumɓu, ba shi da uwa ba shi da uba. Muhawarar ta daɗe. Jamaluddin al-Afghani ya yi wa ra'ayin Darwin raddi a 1881. Husain al-Jisr, malami daga Tarabulus ta ƙasar Sham, ya rubuta a 1888 cewa in hujja yankakkiya ta tabbatar da sauyawar halittu, hakan ba zai rushe imani ba matuƙar an yarda Allah ne mai yi. Akwai kuma masu bin tsakiya a yau, da ke karɓar bayanin a kan dabbobi da tsirrai su keɓe Adamu.

Kalmar "dace" ko "ƙuri'a" ma takan jawo rashin fahimta. A bakin mai bincike tana nufin sakamakon da ba a iya hasashensa ɗaya-ɗaya sai dai a lissafa yiwuwarsa, kuma bai danganta da amfanin siffar ba. Ko akwai mai ƙaddarawa a bayansa ko babu, wannan tambaya ce da na'urar gwaji ba ta amsawa, ko da yake akwai masana da suka yi amfani da juyin halitta wajen kare rashin imaninsu, akwai kuma masu imani da ke koyar da shi.

Abin da ya shafi gida, kemis da gona

Kan aure: 1 cikin 4 ba ya nufin in an haifi SS ɗaya ukun da ke biye sun tsira. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce. Gida ɗaya zai iya haifar 'ya'ya shida ba SS, maƙwabcinsa ya haifi uku a jere. Jinotayif kuma daban yake da rukunin jini na A, B da O, kuma akwai nau'in C, wanda in ya haɗu da S shi ma yana kawo ciwo. Auren zumunta ba ya ƙirƙirar cuta, amma 'ya'yan wa da ƙani sun haɗa kusan kashi 1 cikin 8 na gadonsu, don haka ɓoyayyen abu ya fi saurin haɗuwa da ɗan uwansa.

Akwai abin da dokar gwaji za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Za ta rage haihuwar masu SS. Ba za ta kawar da S ba, domin mafi yawan kwafinta a jikin masu AS lafiyayyu yake, kuma in suka auri AA rabin 'ya'yansu AS za su zo. Ke nan gwajin ba na zuriya ɗaya ba ne, jikoki ma sai sun yi. Masu goyon bayan tilastawa na duban wahalar yaro da kuɗin jinya. Masu ɗari-ɗari na tsoron a mayar da AS abin gori, musamman ga 'yan mata, da kuma sakamakon bogi ko na kuskure daga wuraren gwaji marasa inganci.

Kan magani: wanda ya tsaya gaban mai kemis ya ce "jikina ya saba da maganin ga" ya ɗora laifin a inda ba nan ba. Ƙwayar cutar da ke yawo a gari ce ta sauya, kuma za ta kama wanda bai taɓa shan maganin ba ma. Sayen rabin kati, ko dainawa a rana ta biyu don zazzaɓi ya sauka, ko jabun magani mai ƙarancin sinadari, duk rariya ce mai faɗin ido: tana kashe raunana ta bar masu ɗan ƙarfi. Hikimar ACT ita ce haɗa magani biyu masu aiki ta hanyoyi daban, domin da wuya ƙwaya ɗaya ta dace da kurakurai biyu a lokaci guda. Duk da haka an ga alamun juriyar atimisinin, babban sinadarin ACT, a Kambodiya tun wajen 2008, an kuma tabbatar da ita a Ruwanda da Yuganda a farkon shekarun 2020, kuma wannan karon a nan Afirka ta tsiro da kanta. Dalili ɗaya ne ya sa aka fara raba gidan sauro mai sinadari biyu, bayan sauro ya jure wanda aka daɗe ana amfani da shi.

Kan foliyo: ɗigon baki yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana. Tana hayayyafa a hanjin yaro na ɗan lokaci, ta ba shi kariya, ta fita a bayan gida. Inda kusan duk yara sun karɓa, nan take mutuwa don ba ta da wurin zuwa. Inda aka bar yara da yawa ba rigakafi ga kuma ƙarancin tsafta, sai ta yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan har shekara ko fiye, tana tara kurakuran kwafi, har wani ya dawo mata da ƙarfin shanye ƙafa. Wannan ce ake fama da ita a Sakkwato da Zamfara da Kebbi da Katsina, ba ta daji ba, wadda aka yi wa ganin ƙarshe a Najeriya a Borno a 2016. Yaron da ya samu cikakken rigakafi yana da kariya daga duka biyun. A watan Maris na 2021 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon ɗigon nOPV2, wanda aka sake wa tsari yadda komawarsa mai cutarwa za ta yi wuya.

A gona da garke kuwa ƙuri'a ce abin kula. Manomin da yunwa ta sa ya cinye rumbu ya bar damin gero ɗaya na iri, ko wanda rashin tsaro ya raba da ƙauyensa a gabashin jihar ya fito da ɗan ƙullin iri a aljihu, ya yi wa gonarsa irin ɗibar ƙwaya shida. Haka makiyayin da aka sace wa shanu ya sake farawa da bijimi ɗaya da 'yan karsana. Abin da ya ɓace a irin wannan ɗiba, wataƙila shi ne mai jure wuta-wuta ko mai nuna da wuri, ba ya dawowa sai an samo daga wani wuri. Tsohuwar al'adar musayar iri tsakanin ƙauyuka da aron bijimi daga wani garke ita ke cike wannan giɓi, kuma ita ce ke tsayawa a duk inda hanyar kasuwar ƙauye ta rufe.